Tafiyar Sa'a Guda da Ta Koma ta Wuni: Tsakanin Kano da Maiduguri

An saba jin mutane suna cewa tsakanin Kano da Maiduguri a jirgin sama tafiyar sa'a guda ce. Maganar nan gaskiya ce, babu ƙarya a cikinta. Amma akwai attajirai da malamai da suka gwada tafiyar, suka ga mutum yakan bar gidansa a Kano bayan sallar asuba, ya shiga jirgi, kuma bai isa masaukinsa a Yerwa ba sai rana ta yi sanyi. To, ina sauran sa'o'in suka tafi? Wannan tambaya ta cancanci a tsaya a kanta, gama al'amarin ya shafi dukiya da zumunci, har ma ya shafi rayuka.

Abu na farko shi ne a san nisan kansa. Idan aka ja zare a miƙe daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin sama na Maiduguri, wanda aka sa wa sunan Muhammadu Buhari a 2023, tsawon zaren zai kai kimanin kilomita 500, watau mil 310 a lissafin da dattawa suka saba da shi. Hanyar mota kuwa, wadda ta bi ta Wudil da Shuwarin da Azare da Potiskum da Damaturu, ta fi haka tsawo, domin tana karkata tana neman garuruwa da gadoji; ita ta haura kilomita 550. Motar da ta riƙe kilomita 70 a kowace sa'a, ba ta tsaya ko'ina ba, sai ta ci sa'a 8 kafin ta isa. In aka haɗa da cin abinci da salla da shingayen bincike, wuni ya tafi.

Malamin da ya san hisabi ba sai ya karɓi wannan adadi da ka ba, yana iya gwada shi da rana. A ganin mai kallo daga ƙasa, rana tana kewaye daraja 360 a cikin sa'a 24, watau kowace daraja guda minti 4 ke nan. Kano tana kan daraja 8 da rabi ta gabas, Maiduguri tana kan daraja 13 da 'yan kai, saboda haka tsakaninsu daraja 4 da rabi ce, wadda ta zama minti 18. Shi ya sa mutumin Borno yake shan ruwa da azumi alhali na Kano yana da sauran kusan sulusin sa'a. A wannan yanki na duniya faɗin daraja guda kilomita 109 ne. In aka riɓanya shi sau 4 da rabi, sai a samu abin da ya kusa kilomita 500. Wannan shi ne nisan da aka halicci garuruwan nan biyu a kansa, ba wanda zai ƙara shi, ba kuma wanda zai rage shi.

Ma'abota fiƙihu sun daɗe da raba nisa da lokaci. Littattafan mazhabar Malikiyya, irin su Risala, sun sa iyakar tafiyar da ake ƙasaru a cikinta baridi 4, watau mil 48 na awon da, wanda malaman zamani suka ƙiyasta da kilomita 80 da 'yan kai. Kuma sun tafi a kan cewa saurin abin hawa ba ya kayar da hukuncin, domin da nisa aka rataya shi. Wanda ya yanki tafiyar Borno a jirgi cikin sa'a guda matafiyi ne, kamar wanda ya yanke ta a kan raƙumi cikin wata guda. Abin lura a nan shi ne, nisa a tsaye yake, lokaci ne yake miƙewa ya kuma takure gwargwadon dabarar mutane da tsarinsu. Idan tafiyar sa'a ta koma ta wuni, sai a tuhumi tsarin.

Mai lissafi yana iya tambaya ya ce: manyan jiragen da ba su da farfela, waɗanda ake kira jet, suna gudun kilomita 800 a sa'a, ashe ke nan minti 38 ya ishe su, don me ake cewa sa'a guda? Dalili shi ne jirgi ba ya kai wannan gudu sai ya hau can ƙololuwa inda iska ta yi shara-shara. Kafin nan sai ya gangara a hankali daga wurin lodi zuwa bakin titinsa, ya jira izini, ya tashi, ya yi kusan sulusin sa'a yana hawa. Kana tun da sauran tafiya mai yawa sai ya fara sassautawa yana sauka, ya daidaita kansa da titin da zai dira. A gajeriyar tafiya irin wannan, hawa da sauka su ne suke cinye fiye da rabin lokacin. Daga nan wata fa'ida ta fito, wadda za a koma kanta a gaba: ƙaramin jirgi mai farfela, wanda gudunsa bai wuce kilomita 500 a sa'a ba, ba ya makara bayan babban sai da kamar rubu'in sa'a ko sulusinta, alhali kuwa man da yake sha bai kai na babban ba ko kusa.

Wanda ya duba tarihi zai ga hanyar nan ba baƙuwa ba ce. Tun zamanin ayari fatake suke kai tufafin Kano gabas, su komo da kanwa da dawaki. Baturen nan na Jamus, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bar Kano a watan Maris na 1851, ya bi ta Gumel, bai shiga Kukawa ba, babban birnin Shehu a wancan zamani, sai a farkon Afrilu. Tafiyar kusan wata guda ke nan. Jiragen saman da suka fara sauka Kano, a watan Nuwamba na 1925, zamanin Sarki Usman, jiragen sojan Ingila ne guda 3 da suka taso daga Masar, kuma ta gabas suka shigo, suka bi ta Fort Lamy, wadda ake kira Injamena yanzu, da Maiduguri. A 1936, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu a kai a kai daga Hartum zuwa Kano, Maiduguri tana cikin zangunansa. A lokacin yaƙin duniya na biyu, wanda dattawa ke kira yaƙin Hitila, dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi, a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ta Kano da Maiduguri suka bi zuwa Sudan da Masar. Ashe tsakanin garuruwan nan biyu yana cikin tsofaffin hanyoyin sama na ƙasar nan, ya girmi birnin Abuja da shekaru masu yawa.

Sai dai fa an daɗe ana shimfiɗa hanyoyin ƙasar nan daga arewa zuwa kudu, ana mantawa da gabas da yamma. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, domin a kai amfanin ƙasa bakin teku. Bai isa Maiduguri ba sai 1964, kuma da ya isa, ba ta Kano ya bi ba. Daga Kuru kusa da Jos aka ja shi, ya ratsa Bauchi da Gombe. Reshen da ya fita daga Kano ya nufi gabas a Nguru ya tsaya. Saboda haka mai son zuwa Borno a jirgin ƙasa daga Kano dole ya fara gangarawa Zariya da Kaduna da Kafanchan kafin ya juyo. Irin wannan ɗabi'a ita ce ta bi jiragen sama. Kamfanin gwamnati, Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya durƙushe a 2003, kamfanonin 'yan kasuwa suka gaje shi. Su kuma mafi yawan hanyoyinsu a Legas da Abuja suke haɗuwa, gama can ne ma'aikatan gwamnati da manyan kamfanoni suke, masu sayen tikiti kowace rana ba sa tambayar kuɗinsa.

To, ga abin da wannan ya haifar a lissafi. Wanda bai dace da jirgin da zai miƙe da shi ba, sai ya bi ta Abuja. Daga Kano zuwa Abuja kimanin kilomita 360 ne, kudu ya nufa yana ɗan karkata yamma, watau yana ƙara nesa da inda za shi. Daga Abuja zuwa Maiduguri kimanin kilomita 710. Jimla 1,070 ke nan, fiye da ninki biyu na asalin nisan. Wanda kuwa ƙaddara ta kai shi ta Legas, zai ci kilomita 830 zuwa can, da 1,220 daga can, jimla ta haura 2,000, ninki huɗu ke nan. Kuma sau da yawa tikiti biyu zai saya, kowanne da harajinsa.

A ɗauki misalin attajiri mai shago a Kantin Kwari wanda ya yi niyyar ganin abokin cinikinsa a Kasuwar Litinin ta Maiduguri. Rabin sa'a daga gida zuwa filin jirgi. Sa'a guda da rabi ta awon kaya da bincike da jira. Kusan sa'a guda a sama zuwa Abuja. A can ya karɓi kayansa, ya sake awo, ya zauna jiran jirgi na biyu, a ce sa'a 3 in an yi sa'a jiragen sun dace da juna. Sa'a guda da rubu'i zuwa Maiduguri. Sa'a guda ta karɓar kaya da shiga gari. In aka tara, an haura sa'a 8, daidai da abin da mota take ci, ga kuɗi ninkin ba ninki. In kuwa jirgin farko ya makara na biyu ya tashi, sai kwana a Abuja da kuɗin masauki. Da a ce jirgin miƙewa ya yi, duk tafiyar daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki ba za ta wuce sa'a 4 ba, har mutum ya iya gama buƙatarsa ya kwana a gidansa in akwai na komowa da yamma. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Haka nan sa'a gudar da aka rubuta a takarda ba ita ce tafiyar ba.

Wani zai ce, ina ruwan jama'a da wahalar masu kuɗin jirgi? Amsa ita ce, ba su kaɗai abin ya shafa ba. Kano ce kasuwar da Borno take sari: atamfa da shadda daga Kantin Kwari, kayan masarufi daga Singa da Sabon Gari. Daga Maiduguri kayan nan suke wucewa Gamboru su shiga Kamaru da Cadi. Daga gabas kuma shanu suke zuwa, da bandar kifin tafkin Cadi, da wake da riɗi masu sauka Dawanau. Kaya a babbar mota suke tafiya, haka kuma za su ci gaba, amma bashi da amana da sasanta rigima sai ido da ido. Attajiri guda in ya kasa zuwa, dillalai da 'yan dako da direbobi da yawa ne suke rasa na cefane. Ta fuskar ilmi kuwa, kowa ya san inda gardi yake nufi in ya ce za shi gabas. Ɗaruruwan shekaru ke nan Borno take matattarar mahaddata da marubuta Alƙur'ani, kuma da wuya a sami babbar tsangaya a ƙasar Kano wadda silsilar malamanta ba ta taɓa Borno ba. Idan babban malami ya rasu a Yerwa da hantsi, akan yi jana'izarsa a ranar, almajirinsa na Kano kuwa yana zaune a Abuja yana jiran jirgi. Ga kuma marar lafiya da likita ya tura daga wannan asibitin koyarwa zuwa wancan, wanda jikinsa ba zai ɗauki jijjigar sa'a 8 ba.

Abin da ya fi duk wannan nauyi shi ne sha'anin rai. Yankin hanyar da ke tsakanin Damaturu da Maiduguri, wanda ya ratsa Ngamdu da Benisheikh da Mainok da Jakana da Auno, ya ga masifu waɗanda ba a mantawa. A watan Satumba na 2013 mayaƙan Boko Haram suka tare hanya a Benisheikh, suka kashe fiye da mutum 100, da yawansu matafiya. A ranar 9 ga Fabrairu 2020, matafiyan da suka iso Auno bayan an rufe ƙofar shiga Maiduguri da yamma suka kwana a cikin motocinsu, mahara suka auka musu da dare, mutum 30 ko fiye suka rasu, alhali tsakaninsu da gari bai wuce kilomita 25 ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Mutanen nan makara ce ta kai su ga halaka; lissafin sa'o'i a wannan hanya ya taɓa zama lissafin rai da mutuwa. Shi kansa filin jirgin Maiduguri an rufe shi ga fasinjoji bayan harin watan Disamba na 2013, ba a sake buɗe shi ba sai a 2015, kuma mutanen garin sun ɗanɗana abin da ake nufi da gari mai ƙofa guda. Garin da ya sha irin wannan bai kamata a bar hanyarsa ta sama zuwa babbar kasuwarsa a hannun sa'a ba.

Adalci ne a saurari hujjar masu kamfanonin jirage. Suna cewa su 'yan kasuwa ne, ba sa tashin jirgi da kujeru wofi. Man jirgi yana cikin mafi girman abin da suke kashewa, kuma tsakanin 2021 da 2022 kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu. Kayan gyara da dala ake sayensu, tikiti kuwa da naira ake sayar da shi. Jirgi mai kujera 140 in ya tashi da mutum 40, hasara ce tsagwaronta. Duk wannan gaskiya ne, kuma attajiri ya fi kowa gane shi, gama shi ma ba ya ɗaukar hayar babbar mota domin buhu goma.

Amma hujjar nan jirgin da bai dace ba ta kayar, hanyar tana nan. Akwai jirage masu kujera 50, irin su Embraer 145, da masu farfela masu kujera wajen 70, irin su ATR 72, waɗanda domin irin wannan gajeriyar tafiya aka ƙera su. An riga an nuna cewa mai farfela ba ya makara sai da kaɗan. Jirgi mai kujera 50 in yana tashi kwana 3 a mako, mutum 150 yake nema zuwa, 150 komowa. Shin tsakanin Kano da Maiduguri, da attajiransu da malamansu da ɗalibansu da ma'aikatansu da marasa lafiyarsu, za a rasa mutum 150 a mako? Mai shakka ya je tashar motocin gabas da sassafe ya ƙirga. Abin da yake kashe irin wannan hanya shi ne rashin tabbas. Kamfani yana gudun sa jirgi don bai ga fasinja ba, fasinja yana gudun dogara da jirgin don bai san ko zai tashi ba, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara.

Magabata sun san maganin wannan. Ayari ba ya haɗuwa sai madugu ya yanke rana. In aka ce ranar kaza za a tashi, mai jaki da mai raƙumi kowa sai ya shirya kayansa a kanta, kuma kowa ya san abin da zai bayar na jagora da na fito. Ranar da aka sani ita take tara mutane. Haka jirgi yake. In aka san kowace Litinin da Laraba da Asabar, da ƙarfe kaza, jirgi zai tashi daga Kano ya miƙe Maiduguri ya komo, ko da mutum 20 ne a ciki, kuma aka riƙe wannan alkawari shekara guda cur, mutane za su gina harkokinsu a kansa.

Wa zai ɗauki hasarar watannin farko? Wasu ƙasashe sun amsa wannan tambaya. A Amurka, da aka sakar wa kamfanonin jirage mara a 1978, sai gwamnati ta kafa shirin biyan tallafi domin kada ƙananan garuruwa su rasa jirgi. A Indiya an ƙaddamar da shirin da suka kira UDAN a 2016, jirginsa na farko ya tashi a 2017. A farkon shirin an ƙayyade cewa tafiyar sa'a guda, mai nisan kimanin kilomita 500, daidai da tsakanin Kano da Maiduguri, rabin kujerun jirgin ba za a sayar da kowace fiye da rufi 2,500 ba, gwamnati ta cika wa kamfani giɓin, akasarinsa daga wani ɗan haraji da aka ɗora wa jiragen manyan hanyoyi. Ba a ce a kwaikwayi kowa ido rufe ba, amma hikimar a fili take: babbar hanya ta goya ƙarama har ta yi ƙafa.

Shawara a nan ita ce, gwamnatocin Kano da Borno su haɗa kai su yi yarjejeniya da kamfanin da ke da ƙaramin jirgi, su lamunce masa adadin kujeru sananne a kowane tashi. Kujerar da aka sayar ba ruwan gwamnati da ita, wadda ta rage a biya. A sa wa yarjejeniyar wa'adi, shekara guda ko biyu, a riƙa buga lissafinta a fili kowane wata, domin kada ta zama wata kafar cin dukiyar jama'a. Ba a ce su sayi jirage su kafa kamfani ba. Bashi da rashin riƙon da suka ci Nigeria Airways sun isa wa'azi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kantin Kwari da Dawanau da Kasuwar Litinin su ma kada su naɗe hannu suna jiran hukuma. Suna iya sayen kujeru goma ko ashirin na kowane mako tun kafin lokaci, su riƙa raba wa 'ya'yansu, yadda suke haɗa kuɗin hayar mota guda su cika ta da kayan mutum biyar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malamai kuwa, waɗanda sarakuna da gwamnoni suke jin maganarsu, suna da ikon su tuna musu cewa sauƙaƙa hanya yana cikin haƙƙin talakawa a kan shugabanni.

Akwai wani cikas wanda ba kamfani ne ya kawo shi ba, shi ne hazo. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu takan kwaso ƙura daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, ta lulluɓe Borno kafin ta iso Kano. Jirgi yana iya tafiya a saman hazo lafiya lau, sauka ce take gagara in matuƙi bai hangi titi ba. A irin wannan rana akan jinkirta tashi, ko a soke shi, ko a karkatar da jirgin wani gari. Matuƙin da ya ƙi sauka cikin hazo ya cancanci godiya, gama sauri ya haifi nawa. Abin da ke kan hukumomin jiragen sama shi ne su tabbatar na'urorin da ke jagorantar jirgi ya sauka cikin duhun ƙura, da fitilun titi, suna aiki a filayen nan biyu kafin hunturu ya kama, domin kwanakin da ake rasawa su ragu.

Kada kuma a ɗauka jirgi zai maye gurbin hanyar mota. Talaka da gardi da mai tallan kaya a mota za su ci gaba da tafiya, su ne kuma mafi yawa. An ba da aikin mai da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye tun 2006, aikin ya ɗauki shekaru masu yawa. Kula da ita da tsare ta shi ne farilla, jirgi yana biye. Amma ɗayan ba ya hana ɗayan, kuma abin da za a kashe wajen lamunce kujerun ƙaramin jirgi ɗan kaɗan ne in aka gwada shi da kuɗin shimfiɗa kwalta.

Kafin a kai ga haka, mai niyyar tafiya ya yi wa kansa lissafin gaskiya. Ya tambayi mai sayar da tikiti, jirgin nan miƙewa zai yi ko ta wani gari zai bi? In ta Abuja ne, sa'a nawa ce tsakanin saukar na farko da tashin na biyu, kuma kamfani ɗaya ne ko biyu? Gama in biyu ne, na biyun ba ya ɗaukar laifin makarar na farko. Ya ƙirga daga ƙofar gidansa zuwa ƙofar masaukinsa, ya haɗa da kuɗin kwana in ta kama. In lokacin hunturu ne, ya bar wa kansa rarar kwana guda, kada ya sa ranar ɗaurin aure ko ranar biyan bashi ta zama ita ce ranar tafiya. In kuwa mota ya zaɓa, ya yi sammako, ya tambayi direbobi halin da hanya take ciki a makon, ya auna tafiyarsa yadda zai shiga gari da sauran rana.

Kano da Borno maƙwabta ne tun kafin a san mota, ciniki da karatu da auratayya sun ɗaure su. Tsakaninsu kilomita 500 ne, minti 18 na rana, sa'a guda ta jirgi. Ƙarin kilomita 570 da ake ɗora wa matafiyi ta Abuja aikin mutane ne, mutane kuma suna iya sauke shi in sun yi niyya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, sai a gajarta wa ƙafar hanya. Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya, ya ba shugabanni ikon duba wannan al'amari. Wassalam.